Magaryar Kaka

Kwanan baya aka yi rasuwa a unguwarmu, wata tsohuwa da muka daɗe muna gaisawa a hanyar masallaci. Muna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi sai wata mata ta leƙo daga zaure ta ce babu magarya. Na ɗauka za a aiki wani ya shiga maƙwabta ya tsinko. Ashe ba haka ake yi ba yanzu. Aka tsayar da ɗan kabu-kabu, ya tafi kasuwa, ya dawo ya ciro wani ɗan ƙullin leda daga aljihun wandonsa ya miƙa. Da ledar ta wuce ta gabana na ji warin isansi, wato man fetur, da na gumi. Garin da ke ciki ya yi toka-toka, ba wanda ya san na wace shekara ne, ba wanda ya san ko magaryar ce ko wani ganye aka daka. Da shi aka wanke baiwar Allah. Na kasa shan ruwan da aka kawo mana. Da na koma gida na tsaya ina duban kan katangun unguwa. Dogon yaro ne ko'ina, sai wayoyin lantarki. Babu magarya ko ɗaya. Wa zai bar icce mai ƙaya a tsakar gidan da aka shafe da siminti?

A Tawa, garin da na tashi, ba haka ba ne. Gari ne na jar ƙasa da duwatsu, wanda sautin daka ke tayar da shi kafin rana, sannan kukan jakunan da ke dawowa daga rijiya da salkuna. Ranar kasuwa raƙuman Buzaye su cika fili, a kawo cuku da gishiri, a koma da hatsi. Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba, an ɗaga tamu, baƙin mutum ya zauna a kujerar kumandan. Mu samari muna jin kamar duniya ce aka wanke aka miƙo mana. Akwai rediyo guda a bakin tasha, muna kewaye shi da maraice, kome aka faɗa a ciki mu ɗauka cewa tsofaffinmu ba su taɓa jin irinsa ba. Ni na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya karatu da rubutu, sannan na fita na kama lodin kamyo, manyan motocin kaya, a tasha. Ina da farar riga guda mai maɓalli, ina cusa ta cikin wando, ina ɗaure ciki da bel.

A tsakar gidanmu akwai magarya babba, kuma ta Kaka ce, uwar mahaifina. Ta ce ta tarar da ita ƴar tsiro lokacin da aka kawo ta gidan tana amarya, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki, suka girma tare. Kaka ita ke wanke matan unguwarmu idan sun rasu. Ba gado ta yi ba, hannunta ne bai rawa, aka saba kiranta. Takan tsinki ganyen ta shanya a inuwa a kan faifai, ta daka a wani ƙaramin turmi da ba a daka komai a cikinsa sai shi, ta tankaɗe, ta adana a gora. Idan aka kaɗa garin a ruwa sai ya yi kumfa mai santsi, da wani ƙamshi na ɗanyen icce. Ko namiji ne ya rasu, gidanmu ake aikowa. Sautin ƙaramin turmin nan daban yake da na hatsi, siriri ne, mai sauri, duk wanda ya ji shi ta bayan danga ya san an yi rashi. Da sanyi kuma, idan ƴaƴan sun nuna sun bushe, ta daka su ta cusa a ƴan ƙore ta turara a bakin tukunya ta yi akuri, yaran unguwa su yi layi.

Ni ba na cin akurin. Tun ina lakwal yara ke toshe hanci idan na zauna kusa da su, suna ce mini jikan mai wankan gawa. Abin ya shige ni har ya zama idan na ga hannun Kaka cikin ƙwarya sai in tuna inda hannun ya kwana. Ƙamshin ganyen ma ya zame mini wari. Muna wasan jika da kaka kamar kowa, ango take ce mini. In ta gan ni zan fita sai ta ce na ɗaure cikina awa zanzaro, ina tuwo zai sami wurin zama. Ni kuma in ce ba ni aurenta sai ta daina warin ganye. Sai ta yi dariya har ta yi tari. Amma ni da gaske nake, kuma na san ta sani. Abu guda ne ba ta wasa da shi, takan faɗe shi tana tsakiyar aiki, ba tare da ta ɗaga kai ba, har kowa a gidan ya haddace.

"Randa tawa taz zo, kar a tahi roƙon ganye gidan kowa, kar a tahi daji. Ga nawa nan tsaye. Na wanke mutane da shi, da shi za a wanke ni."

Wata damina, gero ya kai ƙugu, muka fara jin wani ɗan sauti a tsakar gida kamar yayyafi, alhali sama tas take. Inna, mahaifiyata, ita ta fara gane abin da yake, da ta buɗe ƙwaryar fura ta ga baƙaƙen ƙwayoyi suna yawo a kai. Kashin tsutsa ne ke zubowa daga magarya. Na ɗaga kai na duba, na yi da na sanin dubawa. Kowane ganye tsutsotsi sun jeru a bakinsa, jiki da jiki, kawuna a manne da gefen ganyen, wutsiyoyi a lanƙwashe sama. Kore ne mai ɗaukar ido kamar majinar mai mura, da ɗigon baƙi, da kai mulmulalle mai sheƙi. In ka taɓa reshe sai duk su ɗaga gindi lokaci guda su yi ta lilo, kamar abu ɗaya ne mai jiki da yawa, kowace ta fito da wani ɗigon ruwa rawaya mai maiƙo a bakinta. Warinsa kamar ganyen da ya ruɓe a gindin randa aka zuba masa tsohon mai. Kaji ma da ba su ƙin komai, in kaza ta cafki ɗaya sai ta yar ta yi ta goge baki a ƙasa. Suna faɗawa randa, suna faɗawa turmi, mutum ya taka da ƙafa ba takalmi ya ji ta fashe tsakanin yatsu. Wata ta faɗo mini a wuya ta gangara cikin farar rigata, na murje ta ta waje, tabon bai fita ba har rigar ta mutu. Ran nan sai da na yi amai a bayan rumbu.

Kaka idonta ya riga ya yi rauni. Ta ɗauki sakaina ta tsaya a ƙarƙashin iccen tana bin ƙananan rassa da yatsu, tana laluben tsutsar tana cirewa ɗaya bayan ɗaya, ƙaya na yagar mata hannu. Na ƙasa kawai take kaiwa. Ta kira ni.

"Ango, hau ka tsince mini na bisa. Ba su cizo."

Na ce wallahi ko kallonsu ba ni iyawa, balle taɓawa.

Ta ce, "Hannun ga nawa ya taɓa abin da yaf fi su sanyi, kuma shi ka dama maka hura."

Na fita na bar mata gidan, ran nan a tasha na ci abinci.

Baba manomi ne, kuma abin da manomi ya sani game da tsutsa shi ne a haƙa rami a share ta ciki a rufe. Haka ake yi mata a gona idan ta taso wa gero, haka kakanni suka yi. Da ya ga iccen ya fara zama tsirara sai ya ce in sami doguwar gora in kakkaɓe, in share, in kai bayan gari in binne. Lokacin ma da yawa sun ƙoshi sun fara saukowa da kansu, suna bin jikin iccen a jere, suna ratsa tsakar gida kamar masu neman wani abu da suka ajiye. Na ɗaure kaina da tsohon buhu na yi ta dukan rassa, suna zubowa a kaina da kafaɗuna. Na share su da doguwar tsintsiya na tura cikin wani tsohon kwando. Kwandon ya cika ya dinga motsi, ruwan nan rawaya na tsatsowa ta ƙasansa. Na tsaya ina tunanin yadda zan ɗora shi a ka in ratsa gari, in wuce ta gaban abokaina na tasha, yana ɗigo mini a fuska. Sai na ɗauki hauya na haƙa rami nan gindin magaryar, daidai inda Kaka ke alwala, don nan ne ƙasa ta fi laushi. Ramin ko gwiwa bai kai ba. Na kife kwandon, na mayar da ƙasa, na tattake. Da Baba ya dawo daga gona ya ga wurin, sai ya ce ai binnewa binnewa ce, ko nan ko bayan gari.

Magarya icce ne mai taurin rai. Kafin ruwa ya ɗauke ta sake ganye, da sanyi ta ɗan yi ƴaƴa, Kaka ta yi akurinta ko da bai kai na kullum ba. Muka manta.

Da ruwan farko na damina mai zuwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, sai wasu ƙwari suka bayyana a gidan. Jikinsu ja-ja kamar tsagin goro, kai baƙi, fukafukai masu duhu, suna tashi da nauyi suna wani gunji, suna sauka a kan sabon ganye. Inna ta ce rina ce, ta kwashe ƙannena ta tura ɗaki. Tana da dalili, don shekarar da ta wuce rina ta taru a kan ɗan maƙwabcinmu mahauci, fuskarsa ta kumbura har idanu suka ɓace, da ƙyar ya tashi. Labari ya fita cewa rina ta kama magaryar gidanmu. Matan da ake aikowa karɓar ganye suka koma tsayawa a zaure suna kira daga nesa. Ni da Baba muka shiga neman saƙarta, muka duba ƙarƙashin rumbu, bakin jinka, kowane reshe, ba mu ga komai ba. Da mun tsaya mun yi tunani a nan, rina ba ta taruwa inda ba ta da gida. Amma mahaucin ya shigo ya ce akwai irin da ke gini a cikin ƙasa, kuma ita ce mafi mugunta. Ya durƙusa a gindin iccen ya nuna mana ƴan ramuka kamar an soka tsinke, muna kallo wata ta kutso ta fito tana kakkaɓe fukafukai. Daidai inda na yi binniyata. Na gane wurin, Baba ma ya gane. Sai dai a saninmu tsutsar ganye malam-buɗe-littafi take zama, ƴaƴan rina kuwa a cikin saƙa suke. Ba wanda ya taɓa jin tsutsa ta kwanta ta tashi rina. Muka yanke cewa mushen da na binne ne ya jawo su, sun zo ci sun yi gida.

Maganin rina kuwa kowa ya san shi, wuta ne. Kaka ta ce a bar su, ita kullum a nan take alwala suna sauka a zanenta, ba wadda ta taɓa ta. Muka ce fatar tsufa ce, ko an harbe ta ba ta ji. Ana cikin haka aka zo da jaki aka ɗauke ta zuwa Kalfu, wata ƴar uwarta ta rasu. Ta tsinki ɗanyen ganye ta ƙulle a bakin zane, ƙwarin na yawo a kanta, ta hau ta tafi. Washegari da safe, tun ƙasa na da sanyi, Baba ya ce a ɗora ɗan kara a bakin ramukan a kunna, hayaƙi da zafi su kashe na ciki. Ɗan kara ya ce. Ni na ga wannan aikin tsofaffi ne. Na je tasha na samo isansi cikin kwalba a wurin wani direba, na jawo tsohuwar zana da ke jingine a danga na tula a gindin iccen, na tuttule kwalbar duka, har da yayyafa wa jikin iccen. A raina ina cewa yau za a ga yadda ake aiki a sabon zamani. Kuma in faɗi gaskiya, da na ga man yana gangarowa a ɓawon magaryar nan, ban ji tausayinta ba ko kaɗan.

Ashana guda na ƙyasta. Wutar ta yi wani gurnani ta miƙe ta fi tsawon ɗaki, ta kama rassa, sabon ganye ya yi ta tartsatsi. Ƙwarin da muke son kashewa suka tashi a hankali, da nauyinsu, suka haye danga suka tafi. Baba ya yi ta watsa ƙasa da hannu biyu, mahaucin ya kwaso ruwan randa, Inna na salati. Kafin a ci ƙarfinta ta zagaye gindin iccen ta cinye ɓawon. Ina jin ruwan cikinsa yana tafasa yana fitowa ta tsaga da wani ƙara kamar nama a kan garwashi. Gidan ya cika da warin man mota da ƙonannen ganye da wani abu mai ƙauri da ke tasowa daga ƙasa.

Ina tsaye cikin toka sai ɗaya daga cikin ƙwarin ta dawo ta sauka a wuyan hannuna. Na sandare ina jiran harbi. Ba ta yi komai ba sai share ƙahoninta da ƙafafun gaba. Ranar na fara dubanta da kyau. Rina da zanzaro kowa ya san ƙugunsu, siriri kamar zare. Wannan ba ta da ƙugu, ƙirji da ciki a haɗe suke kamar ɗan yatsa. Na sa yatsu biyu na kama ta, na matsa. Ta lanƙwaso gindi ta dangwala a fatata, ta sake dangwalawa. Ban ji komai ba. Na nuna wa Baba. Ya karɓa ya jujjuya, ya sake ta, ya shiga ɗaki.

Da Kaka ta dawo, tun daga zaure ta tsaya tana shaƙar iska. Ta shigo ta wuce mu, ta je ta ɗora tafin hannu a jikin iccen, ta shafa sama ta shafa ƙasa, ta kawo hannun kusa da idonta ta ga baƙi.

"Wa yaz zuba mai?"

Na ce ni ne.

"Sun harbe ka?"

Na ce a'a.

"Sun harbi wani cikin gidan ga?"

Ta ɗauki butarta ta tsuguna a wurin da ta saba, a kan tokar, ta yi alwala. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Amma daga ranar ba ta ƙara ce mini ango ba. Sunana na yanka take kira, cikakke, kamar yadda mushe, malaminmu, ke kiranmu a lakwal.

Sai da na tsufa na san abin da muka yi faɗa da shi. Ina da jika mace da ta karanta aikin noma a Yamai, wata rana na ba ta labarin, ta yi ta tambayata yadda tsutsar take ɗaga gindi da yadda ƙwaron yake. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba ta gani ba, amma duk alamu na ƙwaro mai zarto ne. Ta ce dangin zuma ne da rina da tururuwa, fukafukai huɗu gare shi kamar su, sai dai shi ne tsohon gida a cikinsu, tun kafin sauran su yi ƙugu. Abin da ke gindin macen ba makami ba ne, ɗan zarto ne da take tsaga ganye ta sa ƙwai a ciki. A wurin rina da zuma ne wannan abu ya rikiɗa ya zama harbi. Tsutsarsa kuma ta yi kama da ta malam-buɗe-littafi amma ba ita ba ce: ta fi ta yawan ƙafafu a ciki, kuma ido ɗaya ne a kowane gefen kai. Ta ce gidaje ne da yawa, masana sun rarraba su ta siffar ƙaho da jijiyoyin fiffike. Ta nuna mini hoton wani gida na manya a wayarta, waɗanda ke ƙasashen sanyi, ƙato kamar gaɓar babban yatsa, ƙahoninsa da kai kamar kulki, tsutsarsa in ta huta sai ta naɗe kamar gammo, in an taɓa ta ta feso ruwa ta gefen jiki. Namu ƙanana ne, na wani gidan. Na ture wayar, don ko a hoto ba na son ganinsu. Sannan ta faɗi abin da ya hana ni cin tuwo ran nan. Ta ce da yawa cikinsu, in tsutsar ta ƙoshi, da kanta take sauka ta shiga ƙasa mai laushi ta saƙa wa kanta kwanso ta kwanta, ta jira ruwa. Wasu ma sukan tsallake damina guda su fito ta gaba. Wato waɗanda na ga suna ratsa tsakar gida, wurin kwanciya suke nema. Ni kuma na tattara su na kai su ƙasa mafi laushi da danshi a gidan, na rufa musu. Shuka su na yi, kamar yadda ake shuka gero, Kaka kuma tana ba su ruwa sau biyar a rana.

Magaryar ba ta ƙara yin ganye ba. Ta tsaya baƙa a tsakar gida har rani, Baba ya sare ta don kar ta faɗo kan wani, amma Kaka ta hana a sa iccen a murhu. Gorar garinta ta ƙare. Ita da ake zuwa gidanta, ta koma aika Inna roƙo a wata unguwa, ko ta jira masu itace su tsinko mata a daji. Yara suka daina layi. Ta daina faɗin maganar nan tata ta kullum, kuma rashin faɗin ya fi faɗin nauyi a gidan. Jikinta ya yi ta raguwa, ta koma tafiya da sanda. Da damina ta sake kewayowa, wata safiya na fito na ga an kewaye wani wuri kusa da kututturen da ƙayar aduwa. Na leƙa. Tsiro ne ya fito daga saiwa, bai kai kamu ɗaya ba. Ita ta ja ƙayar da kanta, da idon nan nata, ba ta kira kowa ba. Ba ta ce in zo in gani ba.

Ba ta ga ƙarshen wannan daminar ba. Ta rasu da hantsi, ranar da aka kwana ana ruwa. Matan da ta koya wa aikin suka zo, suka shiga ɗakinta, suka ɗora ruwa. Babbarsu ta fito ta tambayi Inna ganye, ta ce in babu a aika unguwar gabas. Inna ta juyo ta dube ni. Na je na janye ƙayar. Tsiron ya kai gwiwa, da ƴan rassa uku ko huɗu. A bakin ganyen kuwa ga su nan a jere, jiki da jiki, kore da ɗigon baƙi. Da inuwata ta faɗa kansu suka ɗaga gindi gaba ɗaya. Wutar da ta ci icce mai shekarun aure da haihuwa da jikoki ba ta gama da su ba.

Na durƙusa a cikin laka. Babu gora, babu tsintsiya, tsiron ba zai ɗauki duka ba. Na sa yatsu na kama ta farko. Sanyi gare ta, da laushi, ta naɗe a yatsana ta zubo mini ruwan nan rawaya. Na cire ta biyu, na cire ta uku, ina jefawa a sakaina, ƙaya na shiga ƙarƙashin farcena, warin na hawa mini kai. Ba wadda ta cije ni. Kafin ruwan da aka ɗora ya yi ɗumi na gama, aikin duka bai kai shan ƙwaryar fura ba. Na tsinke ganyen da suka rage, rabinsu cinye-cinye ne, na wanke su ɗaya ɗaya a buta. Ba su cika tafin hannuna ba. Na miƙa wa Inna, ta duba, ta ce ya isa, ko da yake ni da ita mun san bai isa ba. Daga ɗaki na ji ƙaramin turmin ya tashi, siriri, mai sauri, bai daɗe ba ya yi shiru, don babu abin dakawa da yawa. Har a maƙabarta, da na ɗebi ƙasa zan zuba, ina jin warin tsutsar a yatsuna.

Tsiron bai rayu ba. Kwanakin zaman makoki ƙofa a buɗe take wuni, mutane na shiga suna fita, ni kuma da na janye ƙayar ban mayar ba. Akuyar wani ta shigo ta cinye shi har ƙasa. Gidan ma yanzu an raba shi, inda kututturen yake an yi shagon cajin waya. Kaka dai ta tafi da ganyenta, ko da tafin hannu ne. Ni kam, randa tawa ta zo, ɗan kabu-kabu za a tsayar.